Zango ba mai gadi: yadda ake ratsa hamadar Amurka da motar gida

Jama'ar gida, ina gaisuwa. In aka tambayi mazaunin Amurka abin da ya fi ba shi mamaki, ana jiran a ji labarin dogayen benaye ko fitilun Las Vegas. Ni labarin wani bututun ƙarfe zan ba ku, tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba, an kafe shi da siminti a bakin zangon matafiya a tsakiyar hamada. Zanguna da yawa na gwamnati a Arizona da Nevada da Kalifoniya suna da shi. A samansa akwai 'yar tsaga, a gefensa akwatin ambulan da allon farashi. Ba ofis, ba mai gadi, ba igiya a gicciye. Za ka shigo da motarka, ka zagaya ka zaɓi gurbin da ba kowa, ka dawo ka ɗauki ambulan, ka rubuta lambar mota da lambar gurbi da kwanakin da za ka yi, ka saka dala 10 ko 20 gwargwadon wurin, ka yage ɓarin rasit, ka jefa ambulan cikin tsagar. Ɓarin rasit ɗin ka maƙala shi a sandar gurbinka. Ka biya ke nan. Ba wanda ya gan ka, kuma gari mafi kusa yana iya kai kilomita 80.

Me kuɗin ya saya maka? Fili da aka baje aka zuba tsakuwa, tebur, murhun ƙarfe, masai na rami mai ƙofa da sakata da takarda a rataye, a wasu wuraren har da famfon da in ka murɗa ruwa zai zo. Akwai dokar da aka yi a 2004 wadda ta ce galibin kuɗin da aka karɓa a irin waɗannan wurare, kashi 80 cikin 100, a wurin zai zauna a yi masa aiki. Wato ambulan ɗin da ka jefa shi ne takardar da ke cikin masan.

Kada wani ya ce Turawa waliyyai ne. Ba waliyyai ba ne, ana fasa irin wannan bututu, shi ya sa a wurare da yawa yanzu na'urar katin banki ta maye gurbinsa. Abin da ke riƙe da tsarin shi ne akwai wani dattijo da matarsa, yawanci 'yan fansho masu aikin sa kai, da suke zaune a zangon cikin tasu motar. Da safe za su zagaya da takarda suna duba rasit. Malamin daji kuma yakan biyo, in ba ka biya ba ya rubuta maka tara, kuma lambar motarka ta isa a gano ka ko kana wace jiha. Amana ce, amma amana mai rajista. Mu a gida mun juya abin: mai karɓar kuɗi yana nan tsaye a rana da sanda da kundin rasit, wani lokaci su uku a hanya ɗaya, amma ka nemi abin da kuɗin ya gina ka rasa. Burtsatse nawa aka ƙaddamar da kiɗa da tafi, bayan wata shida ya tsaya saboda wata 'yar roba, aka koma rijiya? Kuma kada mu ɗora wa hukuma duka. A kafa bututun nan a bakin wata tasharmu, a bar shi dare ɗaya, mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko ƙarfen za a tarar?

Motar da ake wannan tafiya da ita suna kiranta RV, mu ce motar gida. Akwai mai girman safa, akwai ƙarama, akwai wadda ake ja da a-kori-kura. Wadda baƙo ya fi samu haya ita ce matsakaiciya: kan babbar mota ƙirar Ford, ɗaki a baya, gado a saman kan direba, tsawo ƙafa 25 zuwa 30. Lasin ƙaramar mota ya isa. Abu biyu ke kada sabon direba. Na ɗaya tsayi, kusan ƙafa 12, ga na'urar esi a kan rufi. Rubuta tsayin a takarda ka manna a gabanka, domin rumfar gidan mai ko reshen bishiya za su kwashe maka esi, kuma inshorar haya sau da yawa ba ta biyan ɓarnar rufi. Na biyu gindin motar, wanda ya zarce tayoyin baya da nisa. In ka sha kwana dama, gindin zai fita hagu, nan ne ake goge famfon mai da motar maƙwabci.

Amma tuƙi ba shi ne ainihin aikin ba. Aikin tankuna ne. Uku ne: na ruwa mai tsabta, kusan lita 150; na ruwan wanka da wanke-wanke; da na masai, kusan lita 100. Mutum biyu masu tattali za su yi kwana huɗu ko biyar kafin ɗaya ya ƙare ko ɗaya ya cika, kuma na wanke-wanke ne ke fara cika. In ka ga ruwa yana tasowa ta magudanar wurin wanka, shi ne. A nan dai ɗan gida ya fi su. Ba'amurke sai an koya masa ya jiƙa jiki, ya kashe famfo, ya sa sabulu, ya ɗauraye. Wanda ya tashi da wankan bokiti ba ya bukatar wannan darasi.

Zubar da tankin masai kuwa da hannunka za ka yi, ba yaron da za ka aika. Akwai wurin zubarwa a zanguna da manyan gidajen mai, rami ne mai murfi a cikin kankare, wasu kyauta, wasu dala 10 zuwa 20. Ka sa safar hannu ta roba. Ka tabbatar bawul biyun suna rufe kafin ka cire murfin bakin tanki, domin wanda ya cire murfi bawul na buɗe ba sai na faɗa muku abin da zai sauka a kan takalminsa ba. Ka haɗa mesar, faɗinta inci 3, ka murɗa har ta kama. Ɗaya bakin ka zura a rami ka danne da dutse, in ba haka ba ƙarfin ruwan zai fizgo ta. Ka ja bawul ɗin masai tukuna, ka jira ya tsiyaye, ka rufe. Sannan ka ja na wanke-wanke, domin ruwan sabulu ya wanke mesar. Ka ɗauraye kankaren saboda na bayanka. Ka koma ciki ka zuba kamar lita 10 na ruwa da maganin tanki a masai. Tiyon da ke wurin na ɗauraya ne kawai, kada ka kuskura ka cika tankin sha da shi. Na ruwan sha fari ne, kuma jakarsa daban.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne barin bawul ɗin masai a buɗe a zangon da ke da magudana a kowane gurbi, wai don kada tanki ya cika. Ruwa zai tsiyaye, kauri ya zauna, zafin hamada ya busar da shi ya zama dutse a ƙarƙashin masai. Ana barinsa a rufe ne har ya kai kashi biyu cikin uku, nauyin ruwan ne ke kwashe komai. Mu masu tsarki da buta tankinmu ya fi saurin cika, amma ba kasafai yake toshewa ba, ruwa ya wadata kuma takarda kaɗan ce. Agogon da ke nuna cikar tanki kuma maƙaryaci ne, takarda ce ke manne wa idonsa ya ce maka a cike yake alhali yanzu ka zubar.

Abin kallo a layin zubarwa shi ne su wane ne a layin. Motar da kuɗinta ya kai na gida, mai ita dattijo da furfura, ya durƙusa da safar roba yana jan mesar masansa, ya gama ya wanke wurin, ya ɗaga wa na bayansa hannu. Ba ya jin an rage masa komai. Ku kwatanta da yadda muke barin bayan gidan tasha da na kasuwa, kowa ya shiga ya toshe hanci ya zagi wanda ya riga shi, ya fito ya bar shi yadda ya same shi ko fiye.

Zangunan 'yan kasuwa suna ba ka wuta da ruwa da magudana a gurbinka, a kan dala 40 zuwa 80 a dare, wani wuri fiye. Wutar bolt 120 ce, soket ɗin matsakaiciyar mota amfiya 30, wato wat 3,600 gaba ɗaya. Esi kaɗai yana cin amfiya 12 zuwa 15. Ka kunna butar lantarki da na'urar ɗumama abinci a kansa, makatsin wuta zai faɗi, ka fita cikin dare kana lalube a jikin sanda. Ka kashe makatsin kafin ka soka filogi, ka kunna bayan ka soka. Ruwan kuma sai ka ɗaura wani ɗan ƙarfen tagulla mai rage ƙarfi a bakin famfo, in ba haka ba yana iya fasa bututun robar da ke cikin bango. Ku ji fa: a hamada, matsalar famfo ita ce ruwa ya yi ƙarfi da yawa. Kogin Colorado ne suka daddatse, daga madatsar Hoover zuwa ƙasa, suka ja shi ta magudanar kankare mai tsawon kilomita 540 har Phoenix da Tucson. Sai dai ruwan famfon ƙananan garuruwa yana da zartsi, shayi ba ya daɗi da shi. Na sha ana saye ne a wasu 'yan rumfunan na'ura, ka jefa tsaba ka tara jarka. Lita 4 ga kowane mutum a rana, ban da na girki da alwala, kuma a ajiye jarka biyu da ba a taɓawa.

Firjin yawancin waɗannan motoci da gas yake aiki in ba wuta, kuma yana da sharaɗi: sai mota ta tsaya daidai. Sinadarin da ke zagayawa a bayansa gangara yake bi, in motar ta karkace na sa'o'i sai ya taru wuri ɗaya ya ƙone bututun. Saboda haka ana tafiya da ma'aunin magina da katakan da ake hawa da taya. A kunna shi tun daren jajibirin tafiya, ba ya sanyi da wuri. Sanyin dare kuma kada a raina shi. A Disamba da Janairu yakan sauka kusa da sifiri. Na'urar ɗumama ɗaki gas take ƙonawa, amma fankarta batir take ci, tana iya shanye batir ɗaya kafin asuba, ka tashi ba fitila, ba famfo, firji ya mutu. Batir na gargajiya ba a barinsa ya sauka ƙasa da rabi, wato wajen bolt 12.1. Bargo biyu sun fi araha. Janareta yana jikin motar, amma zango yana da sa'o'in kunna shi, kuma daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe ba a hayaniya. Kowace mota tana da 'yar na'ura mai ƙara in hayaƙi mai kisa ya taru a ciki. Na'urar ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba. Gida nawa muka ji an wayi gari duka sun rasu saboda janareta a soro ko a baranda, muka ce kwana ne ya ƙare muka wuce?

Wanda ba ya son biyan ko sisi, ƙasa a buɗe take. Hukumar filayen tarayya, BLM, tana riƙe da eka miliyan 245, wato fili da ya ɗara Najeriya girma, galibinsa a yamma. A yawancinsa za ka iya sauka daga kwalta ka yi zango kyauta na kwana 14, sannan ka matsa aƙalla kilomita 40. Ba ruwa, ba masai, ba juji, abin da ka shigo da shi da shi za ka fita, kuma sakin tankin masai a ƙasa laifi ne. Cibiyar wannan rayuwa ita ce Quartzsite a Arizona, inda babbar hanya mai lamba 10 ta haɗu da ta 95. Mazaunan garin ba su kai 3,000 ba, amma da hunturu 'yan fansho daga jihohin ƙanƙara da Kanada sukan sauko da motocinsu su cika dajin, a Janairu a kafa babbar kasuwa ta kayan mota da duwatsun ado. A kudancin garin akwai La Posa, inda ake ba da izinin zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, da ruwa da wurin zubarwa da juji. Shekaru da dama kuɗin wata bakwai ɗin dala 180 ne, a duba na bana kafin a tashi. Ba duk na wurin ne ke yawon shan iska ba. Akwai waɗanda hayar gida ta kore su, motar ce kaɗai abin da suka mallaka, tsofaffi su kaɗai da kare. Wannan ma Amurka ce, ba a dai turo muku hotonta.

A maƙabartar garin akwai wani kabari mai siffar dala da raƙumin ƙarfe a samansa. Na Hajji Ali ne, wanda bakinsu ya mayar Hi Jolly, ɗan ƙasar Sham da sojan Amurka suka ɗauko a 1856 ya kula da raƙuman da suka so su riƙa ratsa hamada da su. Shirin ya watse, aka sayar da wasu raƙuman, wasu suka shiga daji, shi kuma ya zauna a yankin har ya rasu a 1902. In ka biyo, ka tsaya ka yi masa addu'a, ban ga alamar yana samun masu yi ba.

Akwai wani masauki kuma da ke da tsaga mai karɓar kuɗi, amma wannan ba ta mayar da komai: gidan caca. Nevada ta halatta caca tun 1931, har a gidan mai da kantin cefane da filin jirgi za ka ga injinan. A Arizona da Kalifoniya gidajen cacar bakin hanya na ƙabilun asali ne, bisa dokar 1988, irin na Mojave kusa da Laughlin, da na Parker, da na Quechan kusa da Yuma. Laughlin kanta Don Laughlin ne ya kafa ta, ya sayi wani rufaffen masauki a bakin kogin Colorado ya buɗe a 1966, yau gidansa na Riverside yana da gurbin motar gida sama da 700. Da yawa cikin gidajen suna barin matafiyi ya kwana a filin ajiye motoci kyauta ko da kuɗi kaɗan. Ƙa'ida ita ce ka fara zuwa wurin masu tsaro su rubuta lambarka, kada ka fito da kujeru da rumfa da murhu, kada ka wuce daren da aka ba ka. Dokar takan canja, a tambaya. Filin yana da fitila da sintiri, kuma bayan doguwar hanya ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ba don Allah suke yi ba. Hanyar bayi da ta ɗakin cin abinci duk ta tsakiyar injina take bi. Ba taga, ba agogo, ga sanyi, ga barasa kyauta ga wanda ke wasa. Za a ce ka yanki katin gida a rage maka kuɗin abinci, katin kuma shi ke lissafa duk abin da ka jefa. Lissafin ba ɓoyayye ba ne: faifan da ake juyawa yana da gurabe 38, in ka ci a ba ka ninki 35, wato cikin kowace dala 100 da ta hau tebur sama da 5 na gida ne, ko da wa ya zo. Ka shiga da hantsi ka ga tsofaffi a jere, wata da tukunyar iskar numfashi a gefenta, tana danna maɓalli ba ta ko murmushi. Ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa a kan kwana a filinsu ba, amma mai iyali da samari gara ya ƙara tafiyar rabin sa'a ya kwana a daji. Kuma kafin mu yi musu dariya, mu leƙa shagunan cacar ƙwallo da suka cika unguwanninmu. Wanda zai ci abincinsu ya tambaya, domin naman alade yana ɓuya a wake da ganye da miya. Naman halal a Las Vegas ko Phoenix ake sayensa a cika firji, yawancin masallatai ma can suke, tsakani kuwa sau da yawa kai ne liman kai ne ladan.

Tunda an zo nan: alƙibla a wannan yanki ba gabas take ba, arewa ce ta ɗan karkata gabas. Ɗan gida yakan kalli fitowar rana ya shimfiɗa darduma, ya yi kuskure. Lokaci ma yana da tarko. Arizona ba ta canja agogo, Nevada kuwa tana tura nata gaba da sa'a guda da rani ta mayar da hunturu, saboda haka da hunturu tsakanin Laughlin da Bullhead City, kogi ne kawai a tsakaninsu, akwai bambancin sa'a guda, wayarka kuma sai ta riƙa tsalle tsakanin biyun.

Hanyoyin bayan gari su ne daɗin tafiyar, su ne kuma inda ake jin jiki. Tsohuwar hanya mai lamba 66, daga Kingman zuwa Oatman, tana hawa dutse da kwana-kwana masu tsanani, ba kariya a gefe, an hana motar da ta wuce ƙafa 40. Mai ƙafa 30 ma sai ya yi a hankali. A Oatman jikokin jakunan da masu haƙar zinariya suka saki ne ke yawo a titi suna leƙa tagogi, 'yan yawon buɗe ido suna layin ɗaukar hoto da jaki. Allah mai iko. Mai kuwa, da agogo ya sauka rabi a cika. Cikin gandun Mojave ba gidan mai ko ɗaya, tsakanin Tonopah da Ely a Nevada akwai sama da kilomita 250 ba famfo, ga mota da ke shan lita 25 ko fiye a kilomita 100. Taswirar waya ba ta san girman motarka ba, takan tura mutum turbar masu haƙar ma'adinai da aka bari tun tuni, sabis kuma ya ɗauke. A riƙe taswirar takarda, a gaya wa wani inda aka nufa da ranar fitowa. Hanyar burji mai gargada tana kwance duk wani noti na kabad da bututu, yashin busasshen rafi kuma yana haɗiye tayoyin baya nan take. A sauka a taka da ƙafa kafin a shiga, a kuma tabbatar akwai wurin juyawa. Takardar haya galibi ta hana sauka daga kwalta, wanda ya maƙale a can kuɗin janwe daga aljihunsa ne, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Kada a yi zango a cikin kwari ko da sama tas take. Ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa yana iya isowa da itatuwa da duwatsu. A Agustan 2022 da na 2023 ambaliya ta yayyanke hanyoyin Death Valley, wato Kwarin Mutuwa, wurin da ya fi ko'ina bushewa a ƙasar. Arizona tana da dokar da ta ce wanda ya kauce wa shinge ya shiga ruwa, shi zai biya kuɗin ceto shi. In guguwar ƙura ta taso, ka sauka daga titi gaba ɗaya, ka ja birkin hannu, ka ɗage ƙafa daga birki, ka kashe duk fitilu, domin na baya yakan bi fitilarka yana zaton hanya ce. Wannan dabara direbobinmu na lokacin hazo ya kamata su ji ta.

Kwarin Mutuwa da rani ba wurin motar haya ba ne, kamfanoni da yawa ma sun hana. A Furnace Creek aka auna digiri 56.7 a Yulin 1913. Ko da hunturu, fita ta yamma hawa ne daga daidai da teku zuwa sama da mita 1,500 a Towne Pass cikin kilomita 27. A hawa a kashe esi a sa ido kan agogon zafi. A gangara a sauko da ƙaramar giya tun daga sama, a taka birki da ƙarfi a saki, kada a ɗora ƙafa a kai, in ya yi zafi ƙafarka za ta nutse ba abin da zai kama. Taya a auna iskarta da safe tana sanyi, a duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta, mako da shekarar ƙira ne. Wadda ta haura shekara 6 ko 7 ba a yarda da ita ko zanenta sabo ne, rana ta cinye ta. A daji a bar bonet a ɗage da dare saboda ɓerayen da ke shiga su ci waya. A zazzage takalmi saboda kunama. Inda aka rubuta cewa kiwo a sake yake, saniya ce mai gaskiya, in ka buge ta kada ka sa ran mai ita zai gyara maka mota.

Nan ne kewar gida ke kama mutum. Mota ta tsaya maka a hanyar Kano zuwa Damagaram, kafin ka buɗe bonet mutum biyar sun kewaye ka, wani ya tafi kiran bakanike a babur, wata ta aiko da ruwa a kwano, mai faci yana gindin bishiya, mai shayi yana gefensa. A nan kwalta sumul, allo yana gaya maka nisan komai, amma ba rai. Sai dai ka kira lamba, in da sabis, ka jira sa'o'i, a zo da takardar kuɗi. In ba sabis, ka zauna a inuwar motarka, kada ka taka da ƙafa. Maƙwabtan zango suna da kirki, in ka roƙa za su taimaka da waya da shebur da igiya, amma sai ka roƙa. Ka yi zango kusa da wani a fili mai faɗi, rashin ladabi ne a wurinsu. Ba sallama, ba "bismillah ga abinci". Kowa ya ɗaga hannu daga nesa ya ja ƙofarsa.

Shingaye biyu kawai za ka gamu da su. Na shiga Kalifoniya, a Needles ko Blythe, inda ake tambayar 'ya'yan itace da itacen wuta saboda ƙwari. Sai na jami'an kan iyaka a hanyoyin da ke kusa da Meziko, kamar arewacin Yuma, da karnuka. Ba mai ce maka a ba shi na goro, amma za a iya tambayar matsayin zamanka, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba ya riƙe katinsa ko fasfonsa a kusa. Wanda takardunsa ba su cika ba, wannan hanya ba tasa ba ce.

Lissafin kuɗi kuma a yi shi tun a gida. Ban da kuɗin kowane dare, kamfanin haya yakan caji kusan santi 40 a kan kowane mil, da kuɗin kowace sa'ar janareta, da na barguna da tukwane in ba ka zo da naka ba, da ajiyar da ake riƙewa a katinka. Zagayen kilomita 1,600 zai sha fetur sama da lita 400. Katin shiga gandayen tarayya na shekara dala 80 ne ga mazaunin ƙasar, amma bai haɗa da kuɗin kwana ba, kuma zangunan da ake rububi ana kama gurbinsu a shafin Recreation.gov tun wata shida kafin lokaci. Mutum biyu sau da yawa ƙaramar mota da otal sun fi musu araha, motar gida sai iyali mai mutum biyar ko shida da za su riƙa girki da kansu. Lokacinta daga Nuwamba zuwa Maris. Ranar karɓa a ɗauki hoton kowane gefe har da rufi da gilashi. Ranar mayarwa a zubar da tankuna biyu, a cika fetur da gas yadda aka karɓa, a share yashi, a isa kafin sa'ar da aka rubuta, domin kowanne daga cikin waɗannan yana da farashinsa a takardar da ka sa wa hannu, kuma daga ajiyarka za a cire ba tare da an kira ka ba.